Mun Dafa Sadakarsa da Karan Gonarsa

Surukina, mahaifin maigidana, ya rasu wata ranar Talata da hantsi, tsakiyar bazara, bayan jinyar kwana huɗu. Ga Allah muka fito, gare shi kuma ya riga mu komawa. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci. Baba muke ce masa, ni da 'ya'yansa duka, kuma haka zan kira shi a nan. Bakina bai taɓa kama sunansa yana raye ba, ba kuwa yanzu zan fara ba.

Kafin azahar ƙofar gidanmu, nan gefen Filinge, ta cika maƙil. Ina ciki wajen tukwane, amma danga ce kawai tsakanina da rumfar maza, duk abin da aka faɗa yana kunnena. Wani tsoho, taubashinsa, ya gama addu'a ya shafa, sai ya ce, “Yau dai jakunan kasuwa sun yi maraici. Wa za shi bi bayansu da kwando?” Rumfa ta ɗauki dariya, sannan aka tuna inda ake, aka koma salati. Tsohon ya ƙara da cewa, “Shekara sittin ina yi mai ba'a, shekara ishirin ina cin hatsinai.”

Wata Bazabarma daga wajen Damana, mai kawo tabarmi kasuwa, ta shigo ta durƙusa gaban Inna, uwar maigidana, ta ce fonda tilas, gaisuwarsu ta mutuwa. Sannan ta juya da Hausarta ta kasuwa ta ce gonar da take ci yanzu ubanta ya yafe ta tun tana yarinya, Baba ne ya tsuguna a bakin rumfarta ya zana mata a ƙasa yadda za ta tashe ta. Malamin gona ma ya zo, ya ce shi aka turo ya koya wa tsoho aiki, ya koma gida da littafinsa cike da abin da tsoho ya koya masa. Kowa ya yabe shi, kowa ya ci ya sha. Ba wanda ya tambayi da wane itace aka dafa abincin, ni da na sani kuwa ban ga laifi a ciki ba sai da kwana bakwai suka wuce.

Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, gaskiya ne. Amma in ba zan ɓoye ba, tsoro ne ya zaunar da ni. Da gonaki uku gidan nan yake ci. Biyu suna arewa, ta hanyar Sanam, kuma damina uku ke nan ba wanda ya taka su, tun da mutanen daji suka fara tare manoma a bakin aiki. Akwai maƙwabtanmu biyu da suka tafi shuka, har yau ba a ga ko takalminsu ba. Saura gona guda, ta bayan gari, wadda in ka tsaya a cikinta kana jin kiran salla. Mu goma sha huɗu ne ke ci daga gare ta. Lokacin da aka kawo ni gidan nan rabinta fako ne, ƙasa mai tauri da sheƙi wadda ruwan sama ke zamewa a kanta kamar a bayan tasa. Baba ne ya tashe ta da hannunsa, kuma ba wanda ya san kanta kamar shi.

Mutum ne gajere, mai saurin tafiya, wanda bai iya wuce kashin dabba a hanya ba. Ranar kasuwa, in 'yan ƙauye sun kwance jakunansu sun watse, sai ya bi wurin da kwando da tsintsiya. Sarkin Juji ake ce masa a bayan idonsa, ya sani, ko a jikinsa. A gida ba a zubar da komai waje. Toka, ƙaiƙayi, sharar turken awaki, ruwan wankin hatsi, duk rami guda ake kai su a bayan rumbu, su ruɓe, amalanken jaki ya kwashe zuwa gona. In ya ga mace ta nufi ƙofar gida da kwandon shara sai ya yi gyaran murya, ta juyo. Yakan ce, “Ku kun ci da sahe, kun ci da marece. Ita hwa, mi tac ci?” Ita ɗin gona ce. Haka yake maganarta, kamar wata tsohuwa da aka bar masa amana.

Wata shekara maigidana ya shigo da buhun takin zamani yana taƙama, ya ce wahalar juji ta ƙare. Baba bai hana ba. Ya ce a sa ɗan tsunkule a gindin kowace shuka, amma a kan takin gida. “Wanga kamar shayi na,” in ji shi, “shina tada mutum, ba shi ƙosar da shi.” In kuma ana sassabe, shi ba ya tumɓuke kututture. Sai ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya ɗaura musu tsumma don mai gatari ya san suna da mai su. Da haka gawo da kalgo suka tashi a gonar, har ana samun inuwar shan fura.

Abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne kara. In an yanke hatsi, mutane kan tara karansu su kai gida, na danga, na wuta, na dabbobi, na toka. Shi kuwa sai ya kwantar da nasa a gona, ya shimfiɗa shi kan fako, ya danne da rassan sabara, ya hana kowa taɓawa. Ina amarya, ban cika wata uku ba, tokar miya ta ƙare mana. A gidan ubana ba a tambaya, gona ake zuwa a ɗebo kara a ƙona a tace. Na je na ɗauro dami guda mai kyau na kawo, har ina jin na yi abin yabo. Baba ya shigo ya gan shi jingine da bango. Bai dube ni ba, ai suruka ce ni. Inna ya duba ya ce, “Ki ce ma ɗiyag ga ta maida shi inda taɗ ɗauko.”

Inna ta raɗa mini cewa na gara ne, abincinta ne ya ajiye. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya kusa. Na ɗaga murya yadda zai ji, na ce, “Inna, mu a gidanmu mutum ya hi gara daraja. Miya za ni yi ma mutane.” Tsakar gida ta yi tsit. Baba ya sunkuya ya ɗora damin a kansa, da furfurarsa da komai, ya ratsa unguwa da shi ana kallo har gona. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma girman kai bai bar ni na bi shi na karɓa ba. Ran nan miya ba toka muka sha, ya cinye nasa tas ya yi hamdala. Wata guda ina gaishe shi fuska a ɗaure.

Da damina ta matso sai ya ce a yanka mini gamana, ɗan yankin da zan noma nawa na kaina. Da aka kai ni na ga wurin sai da hawaye suka zo mini. Tsakiyar fako ne, inda ko ƙarangiya ba ta fita. Na ce a raina ramuwa ce. Ina tsaye ina huci sai ga shi ya iso, ya durƙusa, ya ɗaga karan da ke kwance a wurin, wataƙila ma damin nan nawa ne. Ran nan ya fara yi mini magana kai tsaye.

“Taho ki gani, ɗiyata.”

Gara ta lulluɓe karan da laka, ƙasar da ke ƙarƙashinsa duk ta yi ƙananan ƙofofi. Rairayin da iska ke kwasowa daga gonakin mutane ya taru a jikinsa har ya yi ɗan tudu. Ya tura yatsa, ya shige. Ya matsa taku ɗaya inda ba kara, ya buga da hannu, ta amsa kamar daɓen ɗaki.

“Ni ban da ƙarhin huda hwako,” ya ce, “su suna da shi. Ni ba su kara, su yi min ramu, ruwa shi samu hanya. Iyakat ta ke nan.” Ya ɗebo ƙasar ya sansana, ya miƙo mini. Akwai wani ɗan ƙamshi a cikinta irin na ranar ruwan farko, alhali wata bakwai ba a ga ɗigo ba.

Ya koya mini haƙa tassa, ramuka jeri-jeri masu faɗin ƙwarya, a zuba taki cikin tafi biyu a kowanne tun da rani, a jira ruwa. A shekara ta uku na ɗaure dami tara a wurin, ban da wake da kuɓewa. Shekarar ce ruwa ya ɗauke da wuri, rumbunan unguwa suka ƙare kafin bazara, ɗana na fari kuwa yana goye. Hatsin gamanar nan ne ya riƙe mini nono. Ban taɓa ba shi haƙuri kan maganar da na yi ba, shi ma bai taɓa tada ta ba sai da tsokana. Duk kaka, in ya same ni ina kwantar da kara, sai ya ce, “Ƙaƙa gara, ɗiyata? Ta samu daraja yanzu?” Ya wuce yana dariya ƙasa-ƙasa.

Akwai kuma Bafillacensa. Tun kafin a haifi maigidana, duk kaka mutumin nan yakan gangaro daga arewa da garkensa ya sauka a gonar Baba. Shanu su ci ganyen kara da ragowar harawa, su kwana a wurin, bayan 'yan kwanaki Baba ya nuna inda za a matsar da su. Su bar mana taki, mu ba su hatsi da ruwan rijiya, matarsa ta aiko mana da nono. Shekara huɗu ke nan ba mu gan shi ba. An ce an kwashe masa shanu, an ce ya tsallaka wata ƙasa, an ce abin da ya fi haka muni. A zaman makoki na lura Inna na yawan duban ƙofa, na kuma san wa take jira.

Tun da shanu suka daina zuwa, kara da juji kaɗai suka rage wa gonar. Shi ya sa a kakarsa ta ƙarshe ya shimfiɗa karan da hannunsa, yana tari yana hutawa, har wuraren da bai saba sa wa ba. Ina nan ya ce wa maigidana, “Bana ba ta da kowa sai karan ga. Kak ku bari a taɓa shi.” A kwana na uku na jinyarsa ya sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa, ina zaton wasiyya ce. Da ƙyar ya buɗe ido ya ce, “An kai shara?” Na ce an kai. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

To ga abin da muka yi. Ranar rasuwa ana bukatar itacen rufe kabari. Da can tsauni ake zuwa a saro, amma yau wa zai aika ɗansa tsauni? Ƙanen maigidana ya ɗauki gatari ya nufi itacen da ya fi kusa, wato matasan gawo da kalgon nan masu tsumma. Bakwai aka sare. Ba wanda ya ce a'a, don ana jiran su a maƙabarta cikin rana.

Sai baƙi suka yi ta zuwa, daga Bonkuku, daga Damana, daga ƙauyukan Kurfai da ban taɓa jin sunansu ba. Masu kawo itace daga daji kuwa sun daina fita tun bara. A rana ta biyu itacen gidan ya ƙare ƙaf, ga tukwane huɗu a kan murhu, ga rumfa ta yi wa maza kaɗan. Matan unguwa suka zuba mini ido, don ni ce babbar suruka. Ni ce na buɗe baki na ce, “Ku kai amalanke gona, akwai kara nan.” Wallahi ban yi tunani ba. Kunyar a ce an zo makokin Baba an tashi da yunwa, ita kaɗai ce a gabana. Amalanke ya yi ta kai da kawowa har ranar bakwai, na wuta daban, na ƙarin rumfa daban.

A kwana na takwas da safe na kai sharar turke gona kamar yadda aka saba. Tun daga nesa na hango ta tana sheƙi. An share ta tas. Ginin gara duk an tattake shi ya bushe, na tona da yatsa ban ga ko ɗaya ba. Iskar bazara har ta fara kwashe rairayin da ya shekara ashirin yana tarawa, ina tsaye ina kallonsa yana tashi yana wucewa gonar maƙwabci. Na zauna kan kututturen gawo, tsummansa na yashe a gefe.

Wanda bai yi noma a ƙasar nan ba ba zai gane tsoron da na ji ba. Hadarin farko da iska yake zuwa. Iskar kuwa in ta sami gona tsirara, rairayi take kwasa ta yanke shuka tana 'yar kwana biyar, ko ta binne ta. A sake shukawa, a sake, har iri ya ƙare. Ruwan da ya biyo baya kuma ya zame kan fako ya yi gaba. Na ga an yi wa wasu haka, na kuma ga inda suka ƙare.

Da na gaya wa maigidana sai ya ce, “In ba ta yi ba bana, sai mu tahi Yamai. Ba ni kai ɗiyana arewa a kashe min su, ba ni kuma zama ina kallon su da yunwa.”

Na ce, “Yamai wurin wa? Mu goma sha huɗu, hadda Inna?”

Ya ce, “To ke hwaɗa min.”

Na san matan da suka riga mu tafiya birnin. Ƙanwata ta ga ɗaya a bakin titi tana wanke kwanonin masu tuwo, macen da a da rumbu uku ne a gidanta.

Inna na ɗakinta tana takaba, ashe duk ta ji. Ta kira ni. Na durƙusa na ce, “Inna, ni nis sa anka kwashe.” Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ta ce, “Na sani. Ina ji sadda kinka hwaɗi, ban hana ba. Baƙinai na, da mi za a ciyar da su?” Sannan ta ce, “Tokar tana ina?”

Na ce tana nan tsibi a bayan madafa.

“To ba ta ɓace duka ba. Kwashe ki kai mata. Rumhwa kuma a kwance ta yau. Wanda yaz zo gaisuwa shi zauna gindin itacen bedi.”

Aikin da muke yi ke nan tun daga ran nan. Toka, kashin jakunan masu gaisuwa da ya taru a ƙofar gida, karan rumfa, duk mun mayar. Har dangar tsakar gida maigidana ya kwance, muka rataya tsofaffin tabarmi a madadinta. Ƙanensa da ya sare itacen kuwa, ranar kasuwa na gan shi da kwandon Baba yana bin wurin jakuna, ana yi masa dariya yana sunkuye. Sadakar arba'in da gumba da dabino aka yi ta, ba a hura wuta ba. Inna ce ta ce haka, masu tsegumi suka yi tseguminsu.

Duk da haka abin da muka mayar ko rabin gonar bai rufe ba. Na shimfiɗa shi inda na ga ya fi tauri, ban sani ba ko nan ne Baba zai sa. Ban san ko gara na dawowa inda aka tattake ta ba, ban san kwana nawa take ɗauka ba. Shekara goma sha tara ina aiki a gefensa ban taɓa tambaya ba, don ban taɓa kawo wa raina za a wayi gari ba ya nan ba. Kowace safiya sai na je na ɗaga kara na duba, in same shi busasshe, ba komai. Gabas kuma ta fara haɗa hadari da la'asar, ya taso ya watse. Duk sanda ya haɗu sai in yi ta fatan ya watse, ni da a da nake guɗa in na gan shi. Wanda ya karanta wannan ya yi wa Baba addu'a, don Allah ya haɗa da gonarsa.

Shekaranjiya, a gefen gamanata, na ɗaga wani kara na ji ya yi nauyi. Laka ce a jikinsa, ɗanya, tsawon tafin hannu. Na ɓantare kaɗan sai ga gara, farare, suna gudu. Na bi sauran ina dubawa har rana ta take, shi kaɗai ne tak a gonar duka. Ban san sanda na rungumo shi na taho gida da sauri kamar wadda aka koro ba. Inna na zaune kan tabarmarta ta takaba. Na durƙusa na miƙa mata.

Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta kai hanci ta sansana yadda shi yake yi. Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. Can iska ta taso daga gabas ta kaɗa tabarmin da muka rataya. Inna ta miƙo mini karan.

“To, na gani,” ta ce. “Maida shi inda kinka ɗauko.”

Na tashi na kama hanyar gona da rana tsaka, ina kāre shi da mayafina kada iska ta busar da lakar.